Kunne, Mai Awon Bakin Iyaka

A hukumar sadarwa ba wanda yake kiran ta da sunanta na gaskiya. Kunne suke ce mata, daga masinja har darakta, kuma ta daɗe da daina jin haushi.

Sunan ya samo asali ne tun shekararta ta farko a wurin, tana 'yar ashirin da uku, an ɗauke ta buga takardu a ɗakin saurare. Ɗaki ne mai taga ɗaya a hawa na biyu, cike da akwatunan ƙarfe masu ƙananan fitilu, inda maza huɗu suke wuni da abin saurare a kunnuwansu suna bin tashoshin rediyo ɗaya bayan ɗaya, don a tabbatar kowace tana kan zangon da aka ba ta. Tsohon shugaban ɗakin ne ya yi mata bayanin zango a ranar da ta fara aiki. Ya ce iskar nan da take gani duk a rabe take, kowace tasha da hanyarta, in wata ta hau hanyar wata sai muryoyi su cakuɗe, ba a jin ko ɗaya.

Wata rana mazan suna ta faman neman abin da yake shaƙe wata tasha, sun ƙure lasifika, ita kuma tana kusurwa tana buga wasiƙa. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ai biyu ne. Akwai wata siririyar ƙara a ƙarƙashin babbar."

Suka kwashe da dariya. Da aka bincika kuwa, biyu ne. Kafin ƙarshen shekara aka tura ta kwas, ta dawo ta zama ta biyar a kan teburin.

A ƙauye aka haife ta, wani ɗan ƙauye a cikin kwari, tafiyar rabin awa a ƙasa daga bakin iyaka. Ita kaɗai ce a gidansu ta wuce firamare. Yayanta ya zauna a gida yana noma yana juya injin niƙa, mahaifinsu ya rasu da wuri, Inna kuwa, mahaifiyarsu, ta ce ko da ƙugiya ba za a ja ta birni ba. Sau ɗaya ta zo, ta yi kwana tara, ta ce ruwan famfo warin magani yake yi, maƙwabta kuma ba su san gaisuwa ba, ta ɗaure kayanta ta koma. Kunne ta auri wani malamin lissafi, mutum mai sanyin hali wanda yakan ce ya auri matar da ba a yi mata raɗa a bayan ƙofa. Suka haifi 'ya'ya mata biyu.

Da wayar hannu ta shigo, aikin ya sauka daga hawa na biyu ya koma kan hanya. Aka ba ta wata farar mota mai eriya a ka wadda ake murɗawa ta tashi sama, da na'urar awo a kujerar baya, da direba, wani dattijo mai surutu wanda bai taɓa wuce sittin a kan titi ba, har ake ce masa Sai-a-hankali. Aikinta shi ne bin bakin iyaka sau huɗu a shekara, ta tsaya a wurare arba'in da ɗaya da aka yi wa alama a taswira, ta auna ƙarfin sabis ɗin da yake tsallakowa daga ƙasar maƙwabta, ta rubuta. A wancan gefen ma akwai mai yin irin aikinta.

Maƙwabci take ce masa. Kowace Talata da ƙarfe goma na safe wayar tebur takan yi ƙara, ya karanto mata lambobinsa, ta karanto masa nata. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa, sai suka haɗu a wani yare na uku wanda dukansu suke ɗingisawa a cikinsa. A haka dai ta san yana kiwon tantabaru, yana da tari da ba ya warkewa, kuma matarsa ta hana shi taba amma yana sha a ofis. Shi kuma ya san sunayen 'ya'yanta da ajin da kowace take. Shekara goma sha ɗaya suna haka ba su taɓa ganin juna ba.

Matsalar da ta haɗa su kuwa babba ce. Kamfanonin waya na gefe biyun kowa ƙara wa dogon ƙarfensa na sabis wuta yake yi don ya danne na tsallake. Sai garuruwan bakin iyaka suka zama kamar ɗakin da kowa yake ihu. Kira ya shiga ya yanke, saƙo ya kwana a hanya. A babban garin kasuwa da ke gefen su Kunne, mai mutane fiye da dubu ɗari biyu, nas-nas na asibiti sai sun fita tsakar gida suna ɗaga waya sama kafin su samu likita.

Amma ƙauyen su Kunne wannan rikicin alheri ya zame masa. Sabis ɗin ƙasarsu bai taɓa isa can ba, duwatsu sun tare. Na tsallake ne, daga wani dogon ƙarfe a kan tsauni, yake zubowa cikin kwarin. Kowa ya sayi layin tsallake. In ka hau tudun da ke bayan makarantar firamare, kusa da tsohon tankin ruwa, za ka samu sabis sanda biyu a fuskar wayarka, in ka yi sa'a uku. Duk Lahadi bayan azahar Inna takan dafa sandarta ta hau tudun, matar Yaya ta danna mata lamba.

"Kina ji na?" Inna takan ce da iya ƙarfinta.

"Ina ji, Inna, ba sai kin yi ihu ba."

"To ai nisa ne. Ke da aka ce kunne ne aikinki, kin ci abinci?"

Daga nan sai labari: wanda ya haihu, wanda akuyarsa ta shiga gonar wa, ƙafarta da take kumbura in hadari ya haɗu. Wani lokaci minti biyar, wani lokaci sai matar Yaya ta ƙwace wayar.

A shekararta ta ashirin da shida a aiki, gwamnatocin biyu suka yarda a zauna a yi yarjejeniya, a kai ta babban taron ƙasashe inda ake raba zango. Aka ce kafin nan ma'aikatan gefe biyun su yi awo tare, duk ƙarfen da sabis ɗinsa ya wuce ƙa'ida a bakin iyaka a sa shi a jerin waɗanda za a sunkuyar da eriyarsu a rage musu wuta.

A kan gadar iyaka suka haɗu da Maƙwabci. Ta ɗauka dogo ne saboda muryarsa, sai ga wani guntun mutum mai sanƙo riƙe da ƙatuwar lema. Ya dube ta ya ce shi ma ya ɗauka ta fi haka tsufa. Sai-a-hankali ya ce ashe duk wannan kaurin murya a cikin wannan 'yar randar yake, Kunne ta ƙi fassarawa.

Kwana goma sha biyu suka yi suna bin wuraren. Wuri na ashirin da bakwai shi ne tudun bayan makaranta. Da suka isa, rana tsaka, Inna ta aiko musu da ruwan sanyi da dafaffen ƙwai, mata suka tsaya daga nesa suna kallon eriya tana tashi. Kunne ta kunna na'ura. Ba ta buƙatar dubawa, ta san abin da za ta gani. Lambar ta wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba.

Maƙwabci ya leƙa, ya ja tsaki, ya dubi mutanen da ke tsaye. Ya ce, "Garinku ne nan?"

"Garinmu ne."

"Wani sabis ɗin akwai?"

"Babu."

Ya yi tari, ya rage murya. "'Yar'uwa, na'ura takan yi kuskure in rana ta yi zafi. Ki rubuta ƙasa da haka. Ni idona ba shi da kyau, zan sa hannu."

Ta daɗe tana kallon takardar. Ta san ƙarfen nan na kan tsauni, ta fi kowa saninsa. Shi ne dai wanda sabis ɗinsa yake dagula garin kasuwa, shi ne yake sa nas-nas fita tsakar gida. In ta cire shi a nan, sai ta cire shi a wuri na ashirin da takwas da na ashirin da tara da na talatin, kuma in an cire shi duka, yarjejeniyar ta zama takarda kawai.

Ta ce, "In na yi ƙarya a nan, sai na yi ta sau huɗu."

"To ki yi sau huɗu."

"Asibitin fa?"

Ya kau da kai. Ta rubuta lambar yadda take. Ba ta ji ko ɗar ba, abin da ya riƙa damunta ke nan daga baya.

Da ta koma ofis ta haɗa rahoton, ta ƙara shafi biyu da hannunta. Ta bayyana cewa ƙauyuka bakwai ne a cikin kwarin da za su rasa sabis gaba ɗaya, ta roƙi kada a taɓa ƙarfen kan tsauni sai an kafa musu ƙarami nasu. Darakta ya karanta a tsaye, yana neman makullin motarsa.

Ya ce, "Madalla, Kunne. Wannan sai ya shiga kashi na biyu."

"Ranka ya daɗe, kashi na biyu yaushe ne?"

"Bayan na farko mana."

Mutum tara suka tafi taron. Ba ta cikinsu, ba ta kuma sa rai ba. Suka dawo bayan mako uku da hotuna, an sa hannu, an tafa. Darakta ya kawo wa kowa a ofis biro mai tambarin taron. Nata bai yi rubutu ba ko sau ɗaya.

Ta je gida da kanta ta faɗa musu, saura wata guda a sunkuyar da eriya. A ɗakin injin niƙa ta sami Yaya, gari ya yi masa fari har gira. Ya kashe injin ya saurare ta har ta gama.

Ya ce, "Wato motar nan da kika kawo, muka ba ku ruwa, aikin da ta zo yi ke nan."

"Yaya, ba ni na yanke ba. Awo kawai na yi."

"Wa ya rubuta lambar?"

"Ni."

"To."

Ta fara yi masa bayanin garin kasuwa da asibiti da kashi na biyu. Ya ɗaga hannu. "Ke mai ilimi ce, ni ban iya gardama da ke ba. Abu ɗaya na sani. Da wayar nan nake jin farashin hatsi kafin in ɗora kaya a mota. Da ita muka kira mota ranar da matata ta kusa mutuwa wajen haihuwa. Mutanen can da kike tausayi, wa suka sani a nan?" Ya tayar da injin, magana ta ƙare.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Da can da babu waya mutuwa muka yi? Ki dai riƙa zuwa." Sai kuma can ta ƙara, "Amma na saba da Lahadin nan."

Ranar da aka sunkuyar da eriyar, Kunne tana garin kasuwa da motar awo. Ta ga lambobi sun daidaita a gabanta kamar an share tsakar gida. Wani mai shago ya kira ɗansa, ya yi minti goma bai yanke ba, ya riƙa tambayar jama'a ko an yi wa wayarsa wani abu ne. Sai-a-hankali ya ce, "Hajiyar awo, yau kin yi aikin lada." Ta ce ya ja mota su tafi.

Lahadin farko ta ajiye wayar a kan tebur bayan azahar, tana sane ba za ta yi ƙara ba. Maigidanta ya gani, ya ɗauki takardun ɗalibansa ya koma ɗaya ɗakin.

Ta riƙa zuwa, kamar yadda Inna ta ce. Da farko duk wata, tafiyar awa bakwai a mota, biyun ƙarshe a kan hanyar da ba kwalta. Daga baya duk wata biyu, domin gwiwa da aiki da jarrabawar yara. Tsakanin zuwa da zuwa sai saƙon baki ta hannun wani direban babbar mota mai ɗauko hatsi ranar Alhamis. A ƙauyen mutane suna amsa gaisuwarta, amma ba a daɗewa. Wata tsohuwa da ta goya ta tana jaririya ta tambaye ta, ba da mugunta ba, ko gaskiya ne an ƙara mata girma saboda ta kashe musu waya.

A ofis kuwa ta rubuta takardar tuni a kan kashi na biyu sau goma sha huɗu. Ta san adadin domin tana ajiye kwafi a cikin wani koren fayil. An ce kamfani ne zai kafa, kamfani ya ce mutanen ba su kai yawan da zai kafa ba. An ce akwai wani shiri na ƙasashe na kai sabis karkara, an cike fom, aka ce taswirar da aka haɗa tsohuwa ce. Aka sauya darakta, sabon ya ce a kawo masa bayani daga farko. Maƙwabci ma ya rubuta a nasa gefen, yana neman a bar shi ya ɗaga eriya ɗaya kaɗan ta fuskar kwarin. Aka amsa masa cewa abin da ƙasashe suka sa wa hannu ba ma'aikaci ne zai taɓa shi ba.

A damina ta uku Inna ta kwanta. Ruwa aka yi na kwana huɗu, rafin da ke tsakanin kwarin da babbar hanya ya cika ya tumbatsa, ba mota ba babur. Daga baya matar Yaya ta ba ta labari: zazzaɓi ne da farko, sai numfashi. Kwana uku Inna tana tambaya ko an gaya wa 'yar birni. A rana ta biyu ta ce a kai ta tudun makaranta ko za a dace. Matar Yaya ta hau ita kaɗai cikin ruwa, da tsohuwar wayar a cikin leda, ta zagaya tankin tana ɗaga hannu, ba ko sanda ɗaya. Yaya ya je bakin rafi sau biyu ya dawo.

Ranar Alhamis da hantsi Kunne tana ofis tana cike takardar man mota, masinja ya ce wani direba yana neman ta a ƙasa. Ta sauko ta same shi tsaye a bakin ƙofa, ya cire hularsa yana murzawa. Ya ce sai haƙuri, tun ranar Talata ne, an riga an kai ta.

Ta tambaye shi ƙarfe nawa. Ya ce da safe, wajen goma. Ta tsaya tana lissafi, ta tuna a lokacin tana kan waya da Maƙwabci, yana ba ta labarin wani tantabararsa da ya ɓace ya dawo, tana dariya.

Da ta isa ƙauyen, Yaya ya karɓi gaisuwarta kamar ta baƙuwa. Bai ce ita ce sanadi ba, ba wanda ya ce. Likitan da ta tambaya daga baya ya ce a shekarun Inna, da irin wannan ciwon, ko an kira mota ba lallai ba ne, balle rafi ya cika. Ta yarda da shi. Amma ba mota take tunani ba. Da akwai sabis, da an kara wa Inna waya a kunne.

Talatar da ta biyo baya ta gaya wa Maƙwabci. Ya yi tari. Sai ya ce, "Da na ƙwace biron daga hannunki." Ta ce da ba ta ba shi ba. Suka karanta lambobinsu. Bayan shekara ɗaya ya yi ritaya saboda ƙirjinsa, aka haɗa na'urorin gefe biyun suna aika wa juna lambobi da kansu, wayar tebur ta daina ƙara. Ta taɓa kiran lambar gidansa, wata mace ta ɗauka ta yi magana mai tsawo da yaren da Kunne ba ta ji, tana kuka. Kunne ta gane ya rasu, ba ta sake kira ba.

Ta ƙara shekara huɗu tana aiki. Ranar sallamarta aka yi ɗan taro a hawa na biyu, da lemo da biskit, aka ba ta allon yabo. Sabon darakta ya ce saboda amanar wannan baiwar Allah mutum dubu ɗari biyu suke waya lafiya a bakin iyaka, har wasu ƙasashe suna kwaikwayon tsarin. Ba ƙarya ya yi ba, ta sani. Ta miƙa koren fayil ɗin ga yarinyar da za ta gaje ta, wata injiniya mai fara'a, ta ce ta riƙa tuna musu. Yarinyar ta ce in sha Allahu, ta sa shi a ƙasan durowa.

Shekara tara bayan yarjejeniyar aka kafa ƙaramin ƙarfe a kwarin, mai aiki da hasken rana. Kafin nan matasan sun watse, makarantar ta koma aji biyu, motar hatsi ta daina shiga. Yaya ya sayar da injin, idonsa ɗaya ya mutu, ɗansa da ke aikin gini a garin kasuwa ya kama masa ɗaki. Matar Yaya ce ta aiko cewa za su tashi, in tana son wani abu na Inna ta zo.

Ta je. Gidan ya yi mata ƙanƙanta. Ta taya matar Yaya naɗe katifu da ɗaure tukwane da igiya, ta ɗauki wani ƙaramin madubi mai tsage da zane ɗaya. Yaya yana zaune a kan buhu a bakin ƙofa yana ba masu lodi umarnin da ba sa bi. Da aka gama ya juyo da lafiyayyen idonsa ya dube ta.

Ya ce, "Kin tsufa."

"Kai ma, Yaya."

"Yaran fa?"

"Babbar ta haihu. Namiji."

"Allah ya raya." Ya dubi rufin ɗakin Inna da ya lotsa a tsakiya. "Wannan ba zai kai wata daminar ba."

"A cire kwanon mana, kada ya lalace."

"Wa zai cire?"

Direban motar kayan ya danna oda. Ta kama hannun Yaya ta taimaka masa ya hau gaba, ya bar ta ta kama. Matarsa ta hau baya ta zauna a kan katifa, ta rungume wata fitila don kada ta fashe. Babu wuri a motar, sai Kunne ta ce su tafi, za ta jira mai babur. Ta ja ƙofar gidan, sakatar ta ƙi shiga, ta nemo dutse ta tokare ta. Sannan ta zauna a kan dakali da jakarta a cinya, tana jira.